Laraba, ranar da ruwa ya shiga shago

Dare ya yi nisa, kowa ya kwanta. Hannuna har yanzu ƙanshin citta da tafarnuwa yake yi, na wanke da sabulu bai fita ba, ni ma ban so ya fita.

Ruwan daren jiya ne mafarin komai. Tun wajen ƙarfe biyu ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Duk wanda ya zauna Nima ko Mamobi a birnin Akra ya san in aka yi irin wannan ruwa a watan Yuni ba a barci mai nauyi, kunnen kowa yana kan babbar kwatar nan da ta ratsa tsakanin unguwannin biyu. Mma, mahaifiyata, kuwa tun abin da ya faru a Sakul, babban shataletalen nan na Akra, ranar 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu suka ci rayuka kimanin 150, ba ta ƙara kwanciya ana ruwa da dare ba. Zama take yi a bakin gado da carbinta har ya ɗauke. Ni gidan nake tunani. Shago ko kaɗan bai zo raina ba, don watan jiya na biya aka gyara kwanon rufin.

Da safe yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina ta riga ni buɗewa. Na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen hijabi. Ruwa ya biyo ta ramin ƙusa ya sauko daidai kan kantar da nake jera kayan mutane. Atamfofi sun jiƙe, wannan mai sauƙi ne, shanya kawai suke so. Amma farin leshin wata Hajiya, wanda za ta sa ranar walimar auren 'yarta, ruwan tsatsa ya zane shi ja-ja-ja tun daga sama har ƙasa. Shekara goma sha biyar ina kan keke, na san tsatsa ba ta barin farin leshi.

Na kira ta hannuna na rawa. Na ce, "Hajiya, ina kwana. Wata magana ce ba mai daɗi ba, don Allah ki yi haƙuri." Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Can ta ce, "To. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Zan shigo Juma'a." Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Matar nan shekara shida ke nan ba ta kai ɗinkinta ko'ina sai wurina.

Na yanki ɗan ƙyalle daga gefen da bai ɓaci ba, na hau turotiro, motar haya, zuwa kasuwar Makola. Layi-layi na bi har aka wuce azahar. Na ga masu kama da shi guda biyu, amma mai kama ba shi ba ne, kuma kuɗin da aka faɗa mini ya kusa cinye abin da nake samu a wata.

A tasha ina jiran mota na tuna tun kokon safe ban sa komai a cikina ba. Abin da zuciyata ta fara kawo mini shi ne kaza. Haka nake tun ina yarinya, in raina ya ɓaci ba shayi nake nema ba, ba barci ba, soyayyar kaza nake so. Na ji kamar in canza mota in nufi unguwar Osu. Gidan abincin Papaye na nan kan titin Oxford tun farkon shekarun 1990, kuma can Yaya ya kai ni ranar da aka yaye ni daga koyon ɗinki. Ban manta ba: soyayyar shinkafa, kaza mai zafi har tana ƙona yatsa, ga kabeji a gefe, ga shito, soyayyen yajin nan baƙi. Ni da ban taɓa cin rabin kaza ni kaɗai ba, ranar na ci na suɗe ƙashi. Da KFC suka buɗe a Osu a 2011, ni da ƙawata muka bi dogon layi don mu ɗanɗana abin da ake ta labari. Ɓawon fulawar nan mai ƙaras-ƙaras ya burge ni, har yau in na samu sarari nakan saya wa 'ya'yan Yaya. Sai kuma ta masu cek-cek da ke kafa teburi a bakin titi in dare ya yi, shinkafa a leda da cinya ɗaya a sama, wadda ta raka ni dararen ɗinkin Sallah ba adadi.

Duk ina son su, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai da na yi tunanin zama ni kaɗai ƙarƙashin fitilu masu haske, kowa na hira da dariya, ni kuma leshin Hajiya na tsaye a maƙogwarona, na ga ba zan iya haɗiya ba. Kazar gidan abinci ta ranar murna ce. Na hau motar Nima.

Mma na zaune a tsakar gida tana tsince wake. Kallo ɗaya ta yi mini ta ajiye faifan. Ban kai ƙarshen labarin ba ta ce, "Auta, kin ci abinci?" Na ce a'a. Ta ce, "Yi la'asar ki ɗauki gyalenki. Yau Laraba, kasuwa ta ci. Je ki nemo mana kaza. Mai rai."

Na ce, "Mma, yau ba ranar kashe kuɗi ba ce. In kazar ce, bari in karɓo cinyoyi a wurin masu firji, sun fi araha." Ba ta tanka ba, ta kwance haɓar zaninta ta miƙo mini kuɗi.

Gaskiya ta firjin ta fi araha, kuma ita yawancin mutanen Akra ke ci. Kwali-kwali ake sauke ta a tashar jirgin ruwa ta Tema, daga Brazil da Amurka da ƙasashen Turai. Masu kiwon ƙasar nan, har da na Dormaa Ahenkro da aka sani da gonakin kaji, kullum kukansu tsadar masara da waken soya, shi ya sa tasu ba ta iya gogayya da ta waje a farashi. Tun ƙarshen 2022 da tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100, gidaje da yawa a unguwarmu sun koma fiffike da bayan kaza na firji, mu ma muna ciki. Amma marigayi Baba bai taɓa yarda ta shiga tukunyarsa ba. Ko an nuna masa tambarin halal a jikin kwali, cewa yake shi yana son ya ga wuƙar da idonsa. Mma ba ta da wannan tsananin. Nata dalilin daban ne: ta ce ta firji ba ta da ƙashin da za a tauna.

Kasuwa duk caɓi, ruwan jiya bai gama tsanewa ba. Na wuce masu albasa da masu hatsi na isa wurin kejin kaji. Ba buroila na nema ba, wadda sati shida zuwa takwas ta isa yanka, namanta taushi kamar burodi. Kazar gida nake so, wadda ta yi yawo ta yi tono. Na ɗaga wata ja mai ɗigon baƙi na auna nauyinta a hannu, na shafa ƙirjinta yadda Mma ta koya mini: in ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa, ramammiya ce, a ajiye. Wannan ƙirjinta a cike yake, idonta garau, tana ta fizge-fizge. Mai kajin ya ce 150, muka daidaita a sidi 120. Ya fuskanci alƙibla ya yi bisimilla ya yanka, na ce kada ya fige, a gida za mu yi.

Kafin in dawo Mma ta hura kurfoti, murhun gawayi, ruwa na tafasa. Muka tsoma ta muka fige tare, gwiwa da gwiwa, ba mai cewa komai. Ta babbake ta a kan garwashi har ƙananan gashin suka ƙone, fatar ta ɗaure ta yi ruwan zuma. Wannan ƙaurin babbakar shi ne ƙanshin jajibirin Sallah a gidanmu, da ya bugi hancina sai na ji wani abu ya saki a ƙirjina. Da ta buɗe cikin muka tarar da 'yan ƙananan ƙwai jere, gwaiduwa zalla, babba da ƙarami da ɗan mitsitsi. Ta cire matsarmama daga jikin hanta da bakin wuƙa a hankali, don in ta fashe ɗaci ya gama da naman. Ta tsaga ƙundu ta ɓare rawayar fatar cikinsa da farce ɗaya.

Ni aka bar wa turmi. Citta ɗanya, tafarnuwa, albasa, masoro, kanumfari, kimba ɗaya, da 'yan koren barkonon nan na mutanen Ga da suke kira kpakpo shito. Na daka har kafaɗata ta amsa. Aka cuɗe naman da shi da gishiri, aka ɗora da ruwa kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa. Kazar gida ba a yi mata gaggawa, ta fi awa ɗaya tana sulala. Mma ta tsame ta a kwando ta bar ta ta sha iska, ta ce jiƙaƙƙen nama in ya faɗa mai sai tartsatsi, kuma ba ya yin ja. Romon ta rufe ta ajiye, na dafa-dukan gobe ne.

Man gyaɗa ta zuba a tsohon kaskon ƙarfenta, ta jefa yankan albasa. Da albasar ta yi baƙi-baƙi a gefe ta tsame ta, ta fara jera naman, guda huɗu kacal. Na ce ta ƙara mu gama da wuri. Ta ce in aka cika kasko mai ya huce, nama ya sha mai ya yi laɓo. Ta miƙo mini matsamin ta koma kan kujerarta. Na tsaya ina juyawa, ƙarar man ta fara da ƙarfi sannan ta riƙa sauka, kuma da kunne ake gane ta yi, in ƙarar ta koma siririya. Fatar ta yi ja mai duhu, gefen fiffike ya ƙandare. Ina tsamewa Mma na barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli tun da zafinsa don ya kama.

Sai da na tsame kaskon ƙarshe na lura awa biyu ke nan leshi bai faɗo mini a rai ba.

Yaya ya shigo bayan magariba, wandonsa duk tsatsa. Ashe Mma ta kira shi tun ina kasuwa, ya je ya hau rufin shagon ya shimfiɗa tampol ya danne da bulo. Ya ce Asabar zai kawo mai gyara na kirki. Yaransa suka sayo dokunu, tuwon ƙullun masara mai tsami, da zafinsa wurin matar nan ta bakin lungu, aka buɗe kwalbar shito, muka zauna kan tabarma. Naman nan sai ka ja da haƙori, yajin ya shiga har ƙashi, ƙashin kuma in ka fasa akwai ɓargo. Yara suka yi ta rigima kan wuya da ƙafafu kamar yadda ni da Yaya muka yi a kan tabarmar nan.

A gidanmu ƙundu na maigida ne. Baba ke ci, bayan rasuwarsa ya koma na Yaya, ba a taɓa yin magana a kai ba. Yau Mma ta sa hannu a kwano ta lalubo shi, ta ajiye a gabana. Na ɗago na kalli Yaya. Ya ce, "Ci mana, Auta," ya ci gaba da gutsurar dokununsa. Na ci, hawaye na zuba, ba wanda ya ce in daina.

Na ɗauki hoton ƙyallen na tura wa 'yar Gwaggo da ke da shago a kasuwar Kejetiya ta Kumasi, ta ce da safe za ta zaga mini Kumasi. Cinya ɗaya na rufe a kwano, ta yarinyar shago ce, ita ma yau ba na jin ta ci wani abu. An fara yayyafi. Ina jin ƙarar carbin Mma daga ɗakinta.