Kular da na manta a firjin ofis

Ƙannena masu shirin fara aiki, musamman ku da kuka gama bautar ƙasa kwanan nan, bari in ba ku labarin wani abin kunya da na tafka, wanda har yau in na tuna sai inji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A 2015 ne, aikina na farko, wani ɗan kamfani a Kano can wajen Bompai. Mu kusan ashirin ne ma'aikata, akwai wani ɗan ɗaki ta baya da muke ce wa kicin duk da ba girki ake yi a ciki ba, firji ne guda ɗaya da ketil ta lantarki da na'urar ɗumama abinci, sai famfo da tebur da benci biyu. Nan ake shan shayi da safe, nan ake cin abinci bayan azahar, gulmar ofis ma rabinta nan ake yanka ta.

Ni kuwa gidan da na taso namiji ba ya taɓa soso. Ƙanne mata huɗu gare ni, ka ci ka ture kwano ka tashi abinka, ban taɓa zama na tambayi kaina ya aka yi kwanon nan yake dawowa a wanke ba. Toh da wannan halin na shiga ofis, ga digiri ga takalmi yana ƙyalli. In sha Lipton in bar kofin da ganyen a ciki har ya bushe ya kama, in tsoma jiƙaƙƙen cokali cikin gwangwanin sukarin jama'a ya dunƙule kiyashi su yi layi, in ɗumama miyar manja ba murfi ta fantsama ko'ina in rufe ƙofar na'urar in yi gaba kamar ba ni ba. A raina cewa nake ai akwai kilina, biyanta ake.

Kilinar nan Iya muke ce mata. Dattijuwa ce da ta haife ni ta haifi yayana, kafin bakwai na safe ta iso, ta share ta goge ƙasa ta wanke banɗaki ta kwashe shara. Wannan ne aikin da aka ɗauke ta. Wanke kofin ƙato mai gemu ba ya cikin albashinta, kara ce kawai take yi mana, mu kuma muka mai da karar ta zama dole.

Babbar Sallah ta shekarar ranar Alhamis ta faɗo. Ranar Laraba na zo da shinkafa da miyar kifi a kula, da gorar kunun aya, na ci rabi na tura sauran firji nace anjima zan ɗauka, aka tashe mu da wuri, hankalina duk yana tasha kar in rasa mota, na fita a guje. Kun san ba wanda zai ƙona man jen don ofishin da ba kowa, wutar gari kuma ta zo ta tafi yadda ta ga dama. Laraba zuwa Litinin, kwana biyar.

Ranar Litinin tun daga baranda wari ke yi maka sallama. Kunun ayan ya yi tsami ya kumbura gorar har murfin ya fice, ya malale cikin firjin ya jiƙa komai har kayan wasu, kular kuwa da aka buɗe ta funfuna ce kore da baƙi ta rufe shinkafar, wata 'yar'uwarmu mai ciki sai da ta fita waje ta yi amai. Ogan admin ya tsaya a ƙofa da hankici a hanci yace kular waye wannan? Wallahi ina tsaye a wurin. Na yi shiru, har da ɗan girgiza kai irin na mutane ba su da kirki. Wannan shirun ya fi mantuwar muni, mantuwa ta kowa ce.

Iya ce ta ɗaura ɗankwali a hanci ta kwashe, ta fitar da shantocin firjin waje ta wanke da Omo da ruwan zafi, ta kusa awa biyu a tsugune. Bayan la'asar ina zaune a teburina sai ga ta da baƙar leda, ta ajiye a gefen ƙafata yadda ba wanda zai lura, ta rage murya tace, "Ɗana ga kularka, na jiƙa ta da lemun tsami amma warin bai gama fita ba." Ashe ta sani tun farko, kullum ita ke ganin ta a hannuna. Na rasa bakin magana nace Iya dan Allah ki yi haƙuri. Tace, "Ba komai, Allah ya yi albarka. Sai dai ka sani ni ma hanci gare ni irin naka." Ba ta gaya wa kowa ba har ta bar aikin.

Toh ku ji abin da na koya, a wuya na koye shi. Kofi ko cokali ko faranti, kana gamawa ka wanke a take, minti ɗaya bai kai ba, kalmar "anjima" ita ce uwar duk wata ƙazantar kicin ɗin ofis. Abin da za ka sa a firji ka manna masa ɗan tef ka rubuta sunanka da rana, in ba don komai ba don kunya ta hana ka yin irin shiruna. Ranar Juma'a kafin ka tafi masallaci ka leƙa ka kwashe naka, in hutu ne mai tsawo kuwa ko ruwan leda kar ka bari.

Kuma firji a ƙasar nan ba abin dogaro ba ne. In aka ɗauke wuta, ko ba a buɗe shi ba kamar awa huɗu yake riƙe sanyin da zai kare abinci, balle namu da ake buɗewa duk minti biyar neman ruwan sanyi. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, in ana zafi sosai ma awa ɗaya, kun dai san watan Afrilu a Kano zafi har ya haura digiri 40. Shinkafa ta fi kowa yaudara, akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, in ta daɗe a ɗumi sai ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ta kashe gubar, sai ka ga mutum yana zarya banɗaki yana cewa ai na ɗumama ta da zafi. Ɓarɓashin burodi da ƙashin kaza da muke bari a tebur kuwa gayyata ce ga kyankyaso da ɓera, ɓeran nan kuma ba wasa ba ne, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci zazzaɓin Lassa ke kama mutane, cutar da aka fara gano ta a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma ta fi tashi da rani. Kwandon shara ya zama mai murfi, sukari da madara a rufe ruf.

Madarar wani ba taka ba ce ko da cokali ɗaya ne, ka tambaya. Alwala kuma a yi ta inda aka tanada, ban da fyace majina inda ake wanke kofi, dan Allah. Ku maza, in Iya ba ta zo ba kar ku zuba wa abokan aiki mata ido kuna jiran su tashi su wanke, takarda ɗaya aka ba ku ta ɗaukar aiki, ba ƙannenku ba ne na gida, su ma na gidan haƙuri suka yi da mu.

Sai kuskurena na biyu, don kar ku zaci daga nan na zama waliyyi. Da na tuba sai na koma ɗan sandan kicin, kun san zafin sabon tuba. Wata rana na ga kofi da ganyen shayi a bushe, na ɗauki hotonsa na tura gurup ɗin WhatsApp na ofis na rubuta "wasu dai sai addu'a". Ashe na wani babban akawu ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, aka kira shi asibiti ɗansa ba lafiya ya fita bai ko waiga ba. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani, ni da kulata ta kori ofis guda. Wata uku mutumin nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, duk takardar da na kai tebur ɗinsa sai ta kwana. Da na same shi a gefe, ko ma na wanke kofin na yi shiru yadda Iya ta yi min, da ba a kai nan ba. In abin ya yi yawa a kai wa admin a tsara jadawali kowa da ranarsa, a haɗa ɗan kuɗi a sayi soso da sabulu, ya fi habaici a gurup.

Da Iya za ta bar aiki muka yi mata karo-karo, ni na kai mata har gida, ta karɓa tana ta sa albarka, sai da na tashi tafiya ta yi dariya tace ina kular nan? Tana nan har yanzu a sito, ƙusoshi da tsofaffin makullai nake zubawa a ciki. Maiɗakina ta rantse ba ta jin warin komai, ni dai duk na buɗe sai na ji kifi.