Abin da santirosom ya koya mini game da cutar kansa

A ajin nazarin ƙwayoyin halitta, santirosom, wato ɗan ƙaramin sashen cikin ƙwaya da ke jagorantar rabuwarta, ba ya cin fiye da minti biyar. Malam zai ɗiga ɗigo biyu a allo, ya ja zare daga kowanne zuwa tsakiya, ya wuce. Sai da karatu ya kai mu kan cutar kansa, wato sankara, na ga ashe ɗigon nan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin ƙwayar jikin ɗan Adam ta rabu biyu, tana kwafe kuromosom ɗinta 46, wato ƙunshin bayanan gado, ta kwafe santirosom ɗinta, sau ɗaya tak. Biyun su raba gari, kowanne ya tsaya a gefensa yana jefo zaruruwan maikirotubul, har abin ya ɗauki siffar mazari. Da wannan ake jan kuromosom, kowace 'ya ta tafi da rabonta cif. Wani furotin mai suna PLK4 ne ke ba da izinin gina sabon santirosom. In ya yi yawa, sai ƙwaya ta wayi gari da uku ko huɗu.

Theodor Boveri, Bajamushen da ya raɗa wa santirosom suna, ya ga wannan a ƙwan bushiyar teku da maniyyi biyu suka shiga: rabon ya tafi kusurwa uku ko huɗu, kuromosom suka watse, 'ya'yan suka lalace. A 1914 ya rubuta cewa irin wannan hargitsi na iya zama asalin cutar kansa. Ya rasu a shekarar da ta biyo baya, magana ta kwanta, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka fara tabbatar da yawan santirosom a kansar mama da wasunta. A 2017 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka ƙara PLK4 a jikin ɓeraye, ƙari ya fito musu haka kawai.

Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: in rabon kusurwa uku yana kashe ƙwaya, me ya sa kansa ba ta kashe kanta? Amsar ita ce babban darasin da na ɗauka daga fannin nan. Ƙwayar kansa tana tattara rarar santirosom ɗinta gida biyu, da taimakon wani furotin mai jan zare da ake kira KIFC1. Na taɓa duba irin wannan ƙwaya da aka rina a ƙarƙashin madubi. Da farko mazari ne lafiyayye mai kai biyu, sai da na murɗa madubin a hankali na ga ɗigo uku cunkushe a kai guda. A 2009 ɗakin binciken David Pellman a Boston ya nuna cewa kafin tattarawar ta kammala, wasu kuromosom kan ɗauru daga ɓangarori biyu, su maƙale a tsakiya, su faɗa inda ba nasu ba. Kuskuren bai kai na kisa ba, amma ya isa ya sa kowace zuriya ta bambanta da uwarta, kuma a cikin masu bambancin ake samun wadda magani ba ya ci.

Magungunan da muke da su tun da, irin Taxol, da vincristine wanda ake ba yara masu kansar Burkitt, shi zaren ne suke kai wa hari, ba ruwansu da ƙwaya mai lafiya ko marar lafiya. Shi ya sa jini ke raguwa, gashi ya zube, yatsu su riƙa mutuwa, tunda jijiyoyi ma da wannan zare suke aiki. Maganin da zai hana tattarawa kuwa, ƙwaya mai santirosom biyu ba ta da abin tattarawa, don haka ya kamata ya bar ta. A 2007 wasu masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka gano griseofulvin yana yin haka, wato maganin nan da ake ba yara na makero. A kwanon gwaji ne fa, kada wani ya nufi kemis da sunan ya samo maganin sankara.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo a 2015. A San Diego aka haɗa centrinone, wanda ke toshe PLK4 har santirosom ya ƙare a ƙwaya. Hankali zai ce kansa ce za ta fara faɗuwa. Ina! Lafiyayyun ƙwayoyi ne suka tsaya cak, domin furotin p53 mai gadi ya hana su ci gaba, yayin da ƙwayoyin kansa da yawa suka ci gaba da rabuwa ba santirosom, a hankali kuma da kurakurai. Sai a 2020 aka gano waɗanda ba sa jurewa: masu yawan wani furotin mai suna TRIM37, kamar wasu nau'o'in kansar mama da wata kansar jijiya ta yara. Magungunan PLK4 suna matakin gwaji a jikin majinyata, kuma ko sun fito, sai an yanki tsokar ƙarin an auna TRIM37 kafin a san wanda za a ba.