Yinin da na yi a Filadelfiya

Ranar Asabar ce, Yaya ya ce ba zan koma gida ban ga inda aka haifi Amurka ba, toh muka yi sammako daga New York ni da shi da 'yarsa mai shekara 10, muka hau jirgin ƙasa, wajen awa ɗaya da rabi sai ga mu a Filadelfiya. Sanyi kam ba a magana, hannuna a aljihu har muka iso layin binciken jami'an tsaro.

Ginin da suke kira Independence Hall na jan bulo ne, kuma wallahi ɗakin bai kai yadda na zata ba. Tebura ne lulluɓe da koren ƙyalle, kujerun katako, da alƙaluman gashin tsuntsu. Nan ne a 4 ga Yuli 1776 suka amince da takardar ɓallewa daga Ingila, wadda mutum 56 suka sa wa hannu. Jami'in da ke zagayawa da mu ya karanto layin nan da ka, wai gaskiya ce da ba ta buƙatar hujja cewa an halicci dukkan mutane daidai, kuma Mahaliccinsu ya ba su haƙƙoƙin da ba mai ƙwacewa, rayuwa da 'yanci da neman jin daɗi. Tsigar jikina ta tashi. Abin da suke nufi shi ne haƙƙinka ba kyautar sarki ba ne balle ya karɓe ranar da ya yi fushi, da shi aka haife ka, aikin gwamnati tsare shi kawai, in ta ƙi kuma jama'a na da ikon sauke ta. Nan take na tuno maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar, da ya tambayi Amru ɗan Asi yaushe kuka fara bautar da mutane alhali uwayensu sun haife su 'ya'ya. Mu ma ai a bakinmu ɗa shi ne kishiyar bawa.

Muna fitowa muka nufi wajen tsohuwar ƙararrawar nan mai tsaguwa da suke kira Liberty Bell, wato ƙararrawar 'yanci, amma kafin ƙofa akwai wani kango-kango, bangaye guntu-guntu ba rufi, mutane na ta wucewa ba sa ko waiwaye. Nan ne gidan da George Washington ya zauna yana shugaban ƙasa, kuma a jikin wani bango an sassaƙa sunaye tara, bayin da ya riƙe a gidan. Yarinyar ta sa yatsa tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, sai ta juyo ta ce, "Baffa, su ba a halicce su daidai ba ne?" Na rasa ta cewa, Yaya ma shiru.

Abin da ya fi ci mun rai dokar jihar ce. Tun 1780 Pennsylvania ta ce duk bawan da baƙo ya shigo da shi ya yi wata shida a jihar ya zama ɗa, shi kuwa Washington sai ya riƙa fitar da su kafin wa'adin ya cika a dawo da su lissafi ya koma farko, kun ga ke nan ya san abin da yake yi sarai. Shi ma Thomas Jefferson da ya rubuta kalaman takardar ɓallewar yana ɗan shekara 33, sama da mutum 600 ya mallaka a rayuwarsa. Ba wai ina nuna su da yatsa don namu hannun wankakke ne ba, a Arewacin Najeriya sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya, kuma har gobe akwai gidajen da ake tona asalin mutum in ya zo neman aure.

Cikin sunayen taran akwai Oney Judge, baiwar da ke yi wa matar Washington hidima. Ta ji labarin za a ba da ita kyauta ga jikar uwargijiyarta da ta yi aure, ranar 21 ga Mayu 1796 suna cin abincin dare ta sulale ta fice, baƙaƙen fata 'ya'ya na garin suka ɓoye ta har ta hau jirgin ruwa zuwa New Hampshire. Aka buga cigiya a jarida da ladan dala 10, aka aika mata manzo har sau biyu, ta ƙi dawowa. Cikin talauci ta ƙare rayuwarta a 1848, shekara 17 kafin a soke bauta a ƙasar. A ganina ita ta fi masu takardar yarda da abin da suka rubuta.

Ƙararrawar dai mun gan ta, mun yi hoto, na taɓa igiyar da aka kewaye ta da ita. A jirgin komawa Yaya na gyangyaɗi, yarinyar ta karɓi wayata tana neman hoton Oney, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mun ta ce, "Baffa, babu fa, na Washington ne kawai ke fitowa."