Gwangwanin Iya

Jiya ina lalube jakar Inna ina neman allura sai hannuna ya faɗa kan gwangwanin kakata Iya, wannan tsohon gwangwanin madarar garin da fentinsa duk ya goge, murfin ma sai an sa wuƙa yake buɗuwa. Shekara guda kenan da rasuwarta ban taɓa shi ba. Na zauna a ƙasa na zazzage shi a kan tabarma.

Kuɗin hajjinta ne. To amma wane irin kuɗi? Akwai jine na da, kuɗinmu na Sudan, har da mai hoton tsohon shugaban ƙasa Numairi da rawaninsa, akwai dinarin da aka kawo a 1992, akwai jinen da ya maye gurbin dinarin a 2007, ga wasu ƙwandaloli na girish da yanzu ko yaro ka ba ba zai karɓa ba. Duk sanda aka canja kuɗi a ƙasar nan Kawu sai ya zo ya yi ta fama da ita, Iya ki kawo a kai banki a canja miki kafin wa'adi ya ƙare, sai ta ciro rabi ta bashi ta ɓoye rabi, wai ba a nuna wa namiji gindin tukunya ko da kai ka haife shi. Rabin da take ɓoyewa shine yake mutuwa a gwangwani, kuma bata yarda a zubar.

Mutanen unguwarmu a Wad Madani Hajja suke ce mata, kamar yadda ake ce wa duk tsohuwa, ita kuwa bata taɓa bari ya wuce ba. Sai tace ban kai ba tukuna, muna hanya. Tun ina ƙarama abin yake bani dariya, mutum ya shekara saba'in da ɗoriya a gari ɗaya, ya haifi 'ya'ya ya aurar, ya ga jikoki da tattaɓa kunne, amma wai yana hanya.

Ita dai a wani ƙauye na ƙasar Haɗeja aka haife ta, bata san shekarar ba, abinda take tunawa shine an ɗora ta a kan jaki tsakanin buhu biyu, haƙoranta na gaba basu faɗi ba. Suka bi ta Yerwa, suka tsallaka Fort Lamy da yanzu ake ce wa Injamena, Abeshe, Jinaina, Fashir, har Ubayyid inda ta fara ganin jirgin ƙasa ta fashe da kuka ta shige zanin uwarta. Tafiyar ba ta wata ɗaya ko biyu bace, duk inda guzuri ya ƙare sai a yada zango, babanta ya yi noma ko ɗinkin hula, uwarta ta yi fura, damina ta wuce a ƙara gaba. Da suka iso Jazira suka tarar ana neman masu tsinkar auduga ido rufe, tunda aka gama madatsar Sinnar a 1925 gonakin nan basu taɓa ƙoshi da hannu ba. Babanta yace kaka ɗaya zamu yi mu tara na jirgin ruwa mu wuce Sawakin. Yana nan kwance a Jazira, shi da matarsa.

Haka tarihin da yawanmu yake. Wasu ma sun riga su, mutanen da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da har yau sunansa yake ɗauke da shi a bakin kogi kudu da Sinnar. A nan a kira mu Fallata, a can ƙetaren teku a ce Takari, Iya kam ko a jikinta, cewa take su kira mu abinda suka ga dama tunda dai da yamma layi suke yi wajen mai agashe.

Ni kishiya take ce min. Da asuba in na fito ina miƙa sai tace kishiya an tashi? Mijin namu dai ya gaji da ke, mace sai barci. In ce Iya ai ke ya gaji da ke, tsohuwa ba haƙori. Sai ta wurgo min muciya. Larabcinta har ta rasu a karye yake, mu kuwa jikoki Hausarmu ce a karye, in na ce mata habboba, wato kaka da Larabcin nan, sai tayi kamar bata ji ba har sai na ce Iya. Duk Hausar nan da nake rubutawa a gindin turminta na tsince ta.

Sana'arta fura, wadda mutanen nan ke ce wa godo-godo. Gero zata surfa ta wanke ta baza, ta daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, ta cura ta jefa a tafasasshen ruwa, in ya dahu ta mayar turmi ta kirɓa tana yayyafa ruwan zafi har sai ya yi laushi yana kama taɓarya. Sannan ta mulmula a garin gero. Wajen mulmular nan nake kallon hannunta, yatsun duk tabo ne ƙanana farare, na ƙayar kwanson auduga tun tana budurwa. Yayana ya taɓa sayo mata injin markaɗe na lantarki, ta juya shi ta duba, ta ce a ajiye, daga baya muka ga ta mayar da kofin wajen zuba goro. Kowace yamma in ta dawo sai ta zauna bakin angareb ɗinta, gadon igiyar nan da ya lotsa daidai jikinta, ta kwance bakin zani, na cefane gefe, na jabana gefe don Iya bata wasa da gahawarta, sauran kuma gwangwani.

Sau biyu kuɗin suna kaiwa fa. Na farko aka yi wa Kawu aure da su. Na biyu ni ce na cinye su, typhoid ɗin da ya kusa kai ni lahira ina aji shida, ban ma sani ba sai bayan ta rasu Inna take gaya min, wai Iya ta hana a faɗa.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 gidanmu ya cika da 'yan uwa, ba mu san mu ma namu na tafe ba. Watan Disamba ya iso Madani. Muka fita da abinda hannu ya iya ɗauka, aka ɗora Iya a bayan babbar mota muka nufi Sinnar, daga nan Mai Wurno wajen dangin Baba. Duk hanya mita take, wai wannan ai kudu ake kai ta, wa ya ce musu kudu zata je. Ƙarshen watan Yunin 2024 abin ya sake biyo mu, faɗa ya kai Sinja, muka sake ɗaure kaya muka bi ta Dindir zuwa Gadarif cikin damina, taɓon nan baƙi mai kama taya, mota ta kafe maza su sauka su tura, yara na kuka, ni kaina kukan nake. Sai naji ta taɓo ni tace kishiya, ina muka dosa yanzu? Nace Gadarif Iya. Tace to Alhamdulillahi, wannan karon gabas muke yi.

A ajin wata makaranta aka sauke mu, iyali huɗu ɗaki ɗaya, zani ne katanga. Sati bakwai tayi. Zazzaɓi ya kama ta, ta daina cin abinci, sai ɗan kunu a cokali. Daren ƙarshe ana ruwa kamar da bakin ƙwarya tace a juya ta ta fuskanci gabas, ni da Inna muka juya ta wajen alƙibla, wadda a Gadarif ta fi karkata arewa, amma a bakin Iya duk gabas ce. Ta yi ta salati a hankali. Kafin kiran assalatu shikenan. Allah ya jiƙanki Iya, ya sa kin huta, ya kai haske kabarinki.

Wajen wanka Gwaggo ta kwance mata ɗamara sai ga gwangwanin ɗaure a cikinta da tsumma, ashe duk gudun nan biyu a jikinta yake.

Akwai ƙanin Baba da yake aiki a Jidda, ya riga ya sauke nasa farali, ya yi alkawarin zai yi mata hajji in Allah ya kaimu, yace kar a turo masa ko sisi. Na dai ƙirga abinda ke kan tabarmar, masu rai a ciki ba zasu kai mutum ko Kasala ba balle Sawakin. Na tura masa su ta Bankak, manhajar banki ta waya, duk da haka, na rubuta masa cewa na Iya ne, ya haɗa a kuɗin mota daga Jidda zuwa Makka. Matattun na mayar gwangwani na buga murfin.