Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Na Ƙona Gonar Baffa

Makon jiya na tsaya a inda Inna ta hana ni bin 'yan farauta. To, kunnen ƙashi ne da ni. Ƙarshen hunturun 1987 ne, ina ɗan shekara 12, a ƙauyenmu kusa da Funtuwa. Mu uku muka hango ramin gafiya a gindin gamba, bakin gonar Baffa. Muka cusa busasshiyar ciyawa, ni na ƙyasta ashana. Gafiya ta ɓulle ta wata ƙofa ta yi gabanta, iska kuma ta ɗauki wutar. Kafin la'asar ta lashe karan dawar da Baffa ya bari kwance a gona.

Bai dake ni ba, gara ma a ce ya daka. Washegari ya ja hannuna zuwa gonar, ya duƙa ya ɗebi toka, ya buɗe tafinsa, iska ta kwashe. Ya ce, "Ka gani, ɗana? Takin bana ke nan, ga shi can ya nufi Birnin Gwari."

Ba a yi mako uku ba gamba ta tofo kore shar, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba, don wutar ba ta kai ga saiwarta ba. Shanun Fulani suka yi ta kiwo a wurin. Sabara da kalgo ma suka sake fitowa daga kututture. Kaɗanya baƙi kawai ta yi, ɓawonta mai kauri kamar bayan kada ya kare ta. Har na fara cewa a raina ashe ma alheri na yi. 'Yan ɗorawa biyu da Baffa ya shekara uku yana kewayewa da ƙaya kuwa, su kam sun tafi ke nan.

Damina ce ta tona mini asiri. Ruwan farko ya sauka a kan ƙasa tsirara, ba kara ba ganye, ya kwashe ta sama ya zuba a kwari. Da rana ta buɗe, sai fuskar gonar ta yi ɓawo, fartanya na tsalle a kanta. Dawa ta fito rawaya-rawaya, in ban da wuri ɗaya da aka tara kara, inda toka ta yi tudu. Nan kam ganyen har duhu yake yi.

Sai da na shiga makarantar koyon aikin gona na gane dalili. Sinadarin naitirojin, wanda muke sayen yuriya dominsa, hayaƙi yake bi ya tafi. Abin da ke saura a toka shi ne irin wanda Inna ke tacewa ta sa a miya in babu kanwa, kuma shi ma sai in iska ta bar shi. Ga shi wutar ƙarshen rani ta fi ta bayan kaka zafi nesa ba kusa ba.

Hukuncina dai shi ne jigilar taki a mangala har faɗuwar ruwa. Yadda muka ƙare da jakin Baffa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.