Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Kuɗin Tashi

Makon jiya na tsaya ne a inda hukumar NCAA, mai kula da harkar jiragen sama a Nijeriya, ta ba ni lasisin aiki a cikin jirgi, bayan horon kashe gobara da agajin gaggawa da faɗawa ruwa sanye da rigar ceto. Yau maganar kuɗi zan yi, domin a nan aka fi yi mana mummunar fahimta.

A unguwarmu ta Agege, duk wanda ya gan ni da asuba cikin kayan aiki ina jan akwati, gani yake daloli nake kwasowa. Har kawuna ya taɓa ce mini: "'Yar nan, tunda jirgi yana hannunki, ai bana sai Makka." Na durƙusa na yi masa bayani cewa kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai take fitowa, ni ko tikitin Kano ba ni da ikon bayarwa. Ya ce to, amma na ga alamar bai gamsu ba.

A kamfanin da na fara, albashi kashi biyu ne. Akwai na wata, wanda bai taka kara ya karya ba, sai kuma alawus na tashi, wanda yawan zirga-zirgarki ke kawowa. Legas zuwa Abuja kusan awa ɗaya ne, Kano kuma wajen awa ɗaya da rabi. Sai an tashi ake rubuta miki. Duk abin da ya faru a ƙasa ba ya cikin lissafi, alhali a ƙasan wahalar take. Tun kafin fasinja ya iso filin Murtala Muhammed da ke Ikeja muna ɗakin bayani, shugabar ma'aikatan jirgi tana jefo tambayoyi: ina tukunyar kashe wuta take, me za ki yi idan hayaƙi ya tashi a banɗaki, yaya ake buɗe ƙofar gaggawa. Wadda ta kasa amsawa ana iya sauke ta daga tafiyar ranar. Ƙa'idar ita ce a iya kwashe mutanen jirgi kaf cikin daƙiƙa 90, kuma kowace kujera 50 sai da ma'aikaci ɗaya. Wannan ne ainihin aikinmu, rabon shayi da biskit ƙari ne kawai.

Watannin hunturu sun fi ci mini rai. Hazo ya rufe Kano, a ce a jira, a sake cewa a jira, daga ƙarshe a soke tafiyar. Fasinja ya huce haushinsa a kanki, kuma ban ga laifinsa ba, wataƙila ɗaurin aure ko jana'iza ya rasa. Ki koma gida ƙafafu a kumbure, ba ko sisi na tashi. Haka idan aka fitar da jirgi waje babban gyara: jirage su ragu, zirga-zirga ta ragu, aljihunmu ya ragu. Da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota kaɗai ya riƙa cinye kaso mai tsoka, ga shi ni Agege kusa take. Abokan aikina da ke tasowa daga Ikorodu su ne abin tausayi.

Ci gaba akwai shi. Daga ƙaramar ma'aikaciya a kan zama shugabar ma'aikatan jirgi, daga nan mai horarwa ko mai kula da sashen baki ɗaya. Wasu kuma Emirates ko Qatar Airways suke hari. Sai dai wata babbarmu, wadda muke kira Anti, ta zaunar da ni wata rana muna jiran jirgi. Ta lissafa mini Nigeria Airways da aka rufe a 2003, da Bellview, da Chanchangi, duk sun tashi sun daina. Ta ce: "Ƙanwata, kada ki bari lasisinki ko takardar likitanki su mutu, ko da bashi za ki ci ki sabunta. Kuma ki riƙe Hausarki da ɗan Larabcin Islamiyyarki, lokacin jigilar alhazai za a neme ki."

Ba a yi nisa ba kuwa aka kira ni ofis kan maganar Jidda. Yadda Inna ta karɓi labarin, da sharaɗin da Baba ya gindaya kafin ya amince, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.