Baƙin Leshi, Bakin Leshi

Talata

Alhaji ba ya kira. Saƙon murya yake turowa, minti huɗu, rabinsa gaisuwa. Shi ya sa da na ga sunansa a fuskar waya ƙarfe shida da rabi, ban daɗe da komawa kwanciya bayan asuba ba, na san yau akwai magana.

"Injiniya, kulle mana shago ka yi cikin dare?"

Na ce ranka ya daɗe, wane shagon? Ya ce na waya mana. Wai Hajiyar Kwatano ta danna linkin leshin da ya tura mata makon jiya, sai ta ga 404, alamar ba a sami shafi ba, ɓaro-ɓaro, babu hoto babu farashi. Dillalinsa na Kantin Kwari ma haka. Tun kafin ya rufe baki na san inda na yi ɓarnar.

Ga abin da ya faru. A kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, na gina masa shafin shagonsa. Shi WordPress rubutun yau da kullum da shafuka tsayayyu ya fi sani, amma tun fitowa ta 3.0 a 2010 mutum na iya ƙirƙiro nasa irin. Na ƙirƙiro ɗaya na raɗa masa suna kaya, na zuba shadda da leshi da atamfa da huluna, guda 214. Adireshin kowanne ya zama /kaya/ sannan sunan abin. Shekara guda muna zaune lafiya. Sai watan jiya Alhaji ya ce kalmar nan ba ta yi masa ba, "kowa ma kaya yake sayarwa, har mai gwanjo." So yake mutum ya ga /shadda/ ko /leshi/ tun daga adireshi. Wurin saitin adireshi da ke allon gudanarwa bai ba ka damar tsara na irin da ka ƙirƙiro da hannunka ba, don haka jiya da dare na shiga kod. Aiki biyu ne: ɗaya ya haɗa adireshin da za a nuna wa mutane, ɗaya ya gane shi idan an danno. Na gama, na koma wurin saitin na danna adanawa don ya sake jera dokokinsa, abin da duk mai wannan sana'a ya taɓa mantawa ya sha wuya. Sabbin adiresoshi suka buɗe tsaf.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma tunda na riga na kwance inji, sai na ce bari in share haruffa masu ƙugiya daga sunayen gaba ɗaya. Ƙarfe ɗaya na kwanta ina yaba wa kaina. Tsofaffin linkin da ke yawo a WhatsApp ɗin mutane ko tuna su ban yi ba.

Shayi a tsaye. Uwargida ta ce kuɗin makarantar Auta, na ce da yamma. Jirgin ƙasa daga Agege zuwa Oyingbo, na sami wurin zama, abin mamaki. Danfo ta gadar Carter. Idumota kamar kullum, kafaɗa da kafaɗa.

Na tarar da Alhaji a kan bencinsa, carbi a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya tura yaro ya kawo min ruwa, wanda a wurinsa alama ce cewa faɗan ba zai yi zafi ba amma zai yi tsawo. Na buɗe kwamfuta a kan bandir ɗin atamfa na fara bayani. Na ce kayan suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba, kowanne yana da lambarsa a ciki wadda ba ta canzawa. Adireshin nan da ake gani kamar allo ne a bakin titi. Idan mutum ya danno, WordPress yana da jerin dokoki da yake bi daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke kai shi. Jiya na cire tsohuwar doka, to mai tsohon adireshi sai ya iso ya rasa mai nuna masa hanya.

"To wanda ya ce min ya danna shadda ta dubu tamanin ya ga ta dubu talatin fa?"

Wannan ban sani ba sai a lokacin. Amma na gane. Idan WordPress ya rasa shafi, wani lokaci yakan yi canke, ya kai mutum kan abin da sunansa ya fara da irin waɗannan haruffa. Taimako yake nufi. A kasuwa kuwa irin wannan taimakon shi ke sa a kira ka maƙaryaci. Na ce zan kashe canken.

Alhaji ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Ashe kai ma ɗan gwamnati ne. Ka kwana ka tashi ka canza wa titi suna."

Yaran shago suka kwashe da dariya. Ya gyara zama, na san an shiga tarihi. Ya ce shi da ya zo Ikko da ƙuruciya, Western Avenue ya sani. Bayan kisan Funsho Williams a 2006 aka mayar da titin sunansa, amma shi har gobe in ya ce wa direba Western, direba ya san inda za shi. Kingsway ta Ikoyi ta koma Alfred Rewane, wa ya ɓata? Wannan Broad Street da ke bayanmu an taɓa kiran ta Yakubu Gowon, aka dawo aka mayar mata da sunanta. "Gwamnati ta canza allo, amma mutane suna nan suna nuna hanya. Kai naka garin babu mutane ne?"

Na ce akwai, ranka ya daɗe, sunansa 301, ni ne ban ajiye shi ba.

Gaskiya na sha karanta bayanin 301 da Turanci, ban taɓa jin wanda ya kai na Alhaji ba, shi da bai san ma yana bayaninsa ba. Saƙo ne da kwamfutar da ke ɗauke da shafin ke ba burauza, manhajar buɗe shafuka, cewa abin nan ya tashi daga nan har abada, ga sabon wurinsa. Mai waya ba ya ganin komai, shafi kawai yake buɗe masa. Google ma yana bi ya mayar da lissafinsa kan sabon adireshi. Akwai ƙaninsa 302, na tashin wucin gadi. Na 301 yana da hali ɗaya, burauza takan riƙe shi a ka, in ka tura mutane wurin da ba daidai ba, gyaran yana da ciwon kai. Don haka ban yi gaggawa ba. Waɗanda sunansu bai canza ba sai gaban adireshin, na rubuta musu doka ɗaya da ke duba rukunin kowanne ta tura shi. Masu ƙugiya kuwa sai ɗaya bayan ɗaya.

Na kuma faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun watan jiya. Sa rukuni a cikin adireshi ban taɓa son sa ba. Leshin da yau yake /leshi/, gobe in ya ce a mayar da shi kayan lefe, adireshinsa ya sake tashi. Wanda yake rukuni biyu fa, wanne za a ɗauka? Ya ce ya ji, amma a bar shi yadda yake so. Mai kuɗi ya yi magana.

Azahar a babban masallaci na titin Nnamdi Azikiwe. Amala da gbegiri, Alhaji ya biya. Hajiyar Kwatano ta turo cewa ya buɗe, ta ƙara yadi goma. Fuska ta saki.

To sai abin da ya hana ni sukuni har yanzu.

Wajen la'asar ƙaramin yaron shagon, wanda ya zo daga Haɗeja bara, yana duba sabbin linkin a wayarsa, sai ya karanta da ƙarfi: "Bakin leshi. Oga, bakin kawai muke sayarwa yanzu? Tsakiyar fa?" Aka sake dariya. Baƙin leshi ne, na cire masa ƙugiya ya koma baki.

Na kare kaina, kuma hujjata ba ta banza ba ce. Adireshin intanet da haruffan Turanci aka gina shi, duk harafin da ba ya cikinsu sai an mayar da shi lambobi. In ka kwafi linki mai ƙ ka liƙa a WhatsApp, sau da yawa %c6%99 za ka gani a madadinsa. Shi ɗ ya zama %c9%97. Suna ɗaya mai ƙugiya uku sai ya koma kamar lambar katin waya. Alhaji da kansa ya taɓa cewa wata ta ƙi dannawa, ta ce ya yi kama da na ’yan damfara. Ga shi kuma yawancin masu saye ba su da ƙ a allon wayarsu, da k suke neman komai. Ta fuskar aiki, abin da na yi shi ne daidai. In wani ya tambaye ni gobe, haka zan ce ya yi: ƙugiya a take da cikin rubutu, adireshi a bar shi fili.

Alhaji bai ce na yi kuskure ba. Cewa ya yi, "Ai ku kuka san abinku." Sai ya ƙara, yana ninke shadda, ko kallona bai yi ba, cewa malaminsu na firamare dukan hannu yake yi a kan ƙugiya ɗaya.

Ni ma namu haka. Kuma ni ne mai yi wa mutane tsiya in sun rubuto min "kasa", in ce ƙasa kake nufi ko ka kasa? Ni na zauna na koya wa Uwargida yadda za ta sa allon Hausa a wayarta. Jiya da dare kuwa na bi suna 61 ina cire musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, raina ko ɗar bai yi ba, har ina jin daɗin yadda suka yi tsaf. Abin da ya dame ni ke nan, rashin ɗar ɗin. Sai da yaron da bai gama sakandare ba ya karanta min aikina da baki.

A hanyar dawowa jirgi ya wuce ni, na bi danfo ta gadar Eko. Cunkoso daga Alaka har Ojuelegba. Na ɗaga kai na ga allon Funsho Williams, na ji wata a bayana tana gaya wa wani a waya cewa tana Western. Na yi tunanin ko in canza sunan kawai, in sa leshi-baki, ko leshi-mai-duhu, in kauce wa maganar. Amma leshi baki ma bakin ne, kuma babu macen da za ta shigo Balogun ta ce a ba ta leshi mai duhu. Sannan kowane canji wani sabon 301 ne a kan na yau.

Kuɗin makaranta na ba da rabi. An ɗauke wuta tun tara, janareton maƙwabci yana ta ruri a kunnena. Saura tsofaffin linki 17 ban tura ba, duk na huluna, batir kashi 22.

Na buɗe na leshin sau biyu, na sa ƙugiyar, na kalli yadda zai fita, na goge. Yana nan a bakin-leshi.